Illela Biyu a Tebur Ɗaya: Yadda Ake Zaɓen Mabuɗi a Rumbun Bayanai

Duk wanda aka ɗora wa aikin gina rumbun bayanai a ƙasar Konni, na ƙungiyar manoman albasa ne, ko na asibiti, ko na masu dakon siminti daga Malbaza, sai ya fara harhaɗa wasu 'yan ƙananan tebura kafin ya kai ga babban aikin: jerin gundumomi, jerin ƙananan hukumomi, jerin kasuwanni, jerin kuɗaɗe, jerin nau'o'in kaya. Su ake kira teburan dubawa. Layukansu ba su da yawa, ba kuma kullum ake taɓa su ba. Aikinsu shi ne babban tebur, na ciniki ko na marasa lafiya, ya riƙa nuni gare su maimakon a yi ta maimaita rubutu ɗaya sau dubu. Ƙanƙantarsu ce ke sa a raina su a gina su a tsaitsaye, alhali kuskuren da aka shuka a cikinsu yana bin kowane layi na babban tebur shekara da shekaru.

Kowane tebur yana buƙatar mabuɗi, wato abin da ke bambanta layi ɗaya da sauran, wanda kuma sauran tebura za su riƙe idan suna son nuni gare shi. Zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ka ɗauki wani abu da ke jikin bayanin tun kafin a kawo kwamfuta, kamar sunan gari ko lambar da hukuma ta ba shi, wannan shi ne mabuɗin asali. Ko kuma ka bar rumbun ya ƙaga lamba tasa, 1, 2, 3, wadda ba ta nufin komai, ba ta kuma canzawa har abada, wannan shi ne mabuɗin madadi. Muhawarar tsohuwa ce. Edgar Codd, wanda ya shimfiɗa tsarin tebura masu alaƙa a 1970, shi da kansa ya dawo a 1979 ya yi bayanin amfanin lambar da rumbu ke ƙagawa. Har yau masu sana'ar sun kasu: wasu kowane tebur sai sun manna masa lamba mai hawa da kanta, wasu kuwa suna ganin hakan lalaci ne. A ganina duka ɓangarorin sun hutar da kansu daga tunani. Kowane tebur da tambayarsa: wa ke da ikon canza wannan abin da nake son mayarwa mabuɗi, kuma zai iya maimaituwa?

Inda suna ba ya iya riƙe mabuɗi

A ce ƙungiyar 'yan albasa ce ke son sanin inda take saye da inda take kaiwa. Ka buɗe teburin wurare, ka ce sunan wuri shi ne mabuɗi. Ranar farko ma ba za ta ƙare lafiya ba. Akwai Illela ta jihar Tawa, arewa da Konni, akwai kuma Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya, wadda 'yan kilomita kaɗan ne tsakaninta da Birnin Konni, kuma ta nan kaya ke ƙetara iyaka. Ga Allela, ƙaramar hukuma a cikin gundumar Konni, harafi ɗaya ya raba ta da su. Ko a cikin Nijar kaɗai, Illela suna ne na gari, na ƙaramar hukuma, kuma na gunduma. Haka Malbaza, haka Konni. Kama da wane ba ta wane. Idan aka sauko ƙauyuka kuwa, Sabon Gari da Sabon Gida da Tudun Wada ba su ƙirguwa.

Wani zai ce ai ta Nijar da ɗigon Faransanci ake rubuta ta, Illéla, ta Najeriya kuma babu. Kada ka jingina da wannan. Rumbun MySQL na 8, a yadda yake zuwa, ba ya bambanta é da e, ba ya kuma bambanta babban baƙi da ƙarami wajen kwatanta rubutu, don haka zai ƙi karɓar Illela ta biyu, ya ce maimaici ne. PostgreSQL kuwa zai karɓi duka biyun, sai dai ranar da magatakarda ya manta ɗigon a wayarsa, buhunan da aka kai hanyar Tawa za su bayyana a lissafin Sakkwato, ba wanda zai ji ƙararrawa.

Sai rubutun sunan kansa. Takardun gwamnati suna rubuta Birni N'Konni, jaridu Birnin Konni, mutanen gari su ce Kwanni, mai gaggawa ya rubuta Konni kawai. Waƙafin saman nan na N'Konni ma fitina ne, domin shi SQL ke amfani da shi wajen rufe rubutu, kuma manhajar da ba a gina da kyau ba tana tuntuɓe a kansa. Tsernaoua da Tsernawa, Badaguichiri da Badagishiri, Zinder da Damagaram, duk wuri ɗaya ne da rubutu biyu. Hatta Hausar ba ta tsira ba: abin da Najeriya ke rubutawa 'y, Nijar tana rubuta shi ƴ. Tunda kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mai gina rumbu a yau ya kamata ya sa rai wata rana za a ce ya fitar da rahoto da sunayen Hausa. Idan suna ne mabuɗi, wannan buƙata tana nufin taɓa kowane layi na ciniki. Idan lamba ce, ginshiƙi ɗaya za ka ƙara a ƙaramin tebur, ka tashi.

To a teburin wurare, mabuɗin madadi ba abin shawara ba ne. Haka teburin ma'auni: tiyar gero da tiyar wake ba nauyi ɗaya ba ne, buhun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, kuma sunayen duk a baki suke, ba wata hukuma da ta daddale su. Haka teburin nau'o'in kaya da na ƙungiyoyin manoma.

Darasin 2011

Da an gane suna ba ya yi, dabara ta biyu da ke zuwa wa mutum ita ce ya ƙaga lamba mai ma'ana. Ya ce jihar Tawa 5, gundumar Konni 03, ƙaramar hukumar Dogerawa 06, sai mabuɗin Dogerawa ya zama 50306, na garin Galmi da ke cikinta kuma a ƙara masa lambobi uku a wutsiya. Abin yana da daɗin kallo. Kana ganin lambar ka san inda wurin yake, kana iya tara lissafin gunduma ta hanyar yanko lambobi uku na farko.

Dokar 8 ga Agusta 2011 ta ɗaga tsoffin ƙananan ofisoshin mulki 27 zuwa matsayin gunduma, adadin gundumomin Nijar ya tashi daga 36 zuwa 63. An ɓalle Malbaza daga Konni, ta tafi da ƙananan hukumomi biyu, Malbaza da Dogerawa, aka bar wa Konni huɗu: Birnin Konni, Allela, Bazaga da Tsernawa. Haka aka cire Bagaruwa daga Illela, aka bar mata Illela, Badagishiri da Tajaye. Galmi ba ta gusa ko taku ɗaya ba, albasarta tana nan, asibitinta yana nan, amma 03 ɗin da ke tsakiyar mabuɗinta ya zama ƙarya. Yanzu mai rumbu ko ya bar lambar tana faɗin abin da ba haka ba, duk wani rahoto da ke yanko lambobi uku ya ci gaba da zuba albasar Galmi a Konni, ko kuma ya sauya mabuɗin a duk inda ya taɓa zuwa: babban tebur, tsoffin fayilolin Excel da aka aika wa abokan hulɗa, rasit ɗin da aka riga aka buga. Na ƙarshen ba ya gyaruwa.

Wannan ba abin Nijar kaɗai ba ne. Sakkwato ta haifi Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991. Jihar Gongola ma sunanta ya ɓace gaba ɗaya. Iyakar mulki abu ce ta siyasa, kuma bai kamata a gina mabuɗi a kanta ba. Lambar Dogerawa ta zama 41 ko 912, duk ɗaya, muddin ba ta faɗin komai. Gundumar da take ciki kuwa a ba ta nata ginshiƙi daban.

Amma a nan akwai tarkon da masu son lambar madadi kan faɗa. Suna canza ginshiƙin uwa, wato na gunduma, daga Konni zuwa Malbaza, su ce an gama. Ba a gama ba, an share tarihi ne. Dubi ƙidayar jama'a: a 2001 gundumar Konni tana da mutum wajen 363,000, a 2012 kuma wajen 313,000. Wanda bai san labarin ba zai ce mutane sun ragu a yankin da haihuwa ke ta ƙaruwa, alhali mutum wajen 232,000 ne aka ƙirga a ƙarƙashin Malbaza. Idan shugaban ƙungiya ya tambaye ka buhu nawa aka saya a gundumar Konni a 2009, tambayar tana da amsa biyu kuma duka daidai ne: Konni ta wancan lokacin, ko Konni ta yau. Rumbu mai kyau ya iya ba da kowacce.

Hanyar da na fi so ita ce a fitar da dangantakar uwa da 'ya zuwa wani ɗan tebur mai kwanan wata. Ga yadda layukan Dogerawa za su kasance, idan lambarta 41, ta Konni 7, ta Malbaza 58:

wuri 41, uwa 7, daga farkon lissafi, zuwa 2011-08-07
wuri 41, uwa 58, daga 2011-08-08, zuwa (a buɗe)

Mai son Konni ta da sai ya haɗa da layin da kwanan cinikin ya faɗa cikinsa, mai son ta yau ya haɗa da layin da ke buɗe. Akwai wata hanyar da Ralph Kimball ya yayata a littafinsa na 1996 kan rumbunan nazari, inda ake buɗe sabon layi da sabuwar lamba duk lokacin da wani abu ya canza, tsohon ciniki ya ci gaba da nuni ga tsohon layi. Tana da kyau a rumbun da aka gina don rahoto kawai. A rumbun aikin yau da kullum tana rikita magatakarda, don zai ga Dogerawa biyu a jerin zaɓi. Masu aikin lafiya da ke amfani da DHIS2 su lura: manhajar tana ba kowace cibiya lambar madadi mai alamomi 11, wannan ya yi, amma idan aka mayar da cibiya ƙarƙashin wata sabuwar uwa, tsoffin alƙalumanta ma suna bin ta can.

Inda lambar madadi wahalar banza ce

A kasuwar Konni sefa da naira duk suna yawo, don haka dole a sami teburin kuɗaɗe. A nan ba ka buƙatar ƙaga komai. Ma'aunin ISO 4217 ya riga ya ba sefar yammacin Afirka XOF, naira NGN, yuro EUR. Gajeru ne, baƙaƙe uku, wurin da suke ci kusan ɗaya ne da na lamba, ba sa maimaituwa, bankuna da su suke aiki, kuma akwai hukumar da ke tsaron su. Ka buɗe babban tebur ka ga 45000 XOF, ka gane nan take, ba sai ka haɗa shi da wani tebur don sanin mene ne kuɗi mai lamba 2 ba. Haka teburin ƙasashe: NE Nijar, NG Najeriya, BJ Benin, GH Gana. (Dala da jika da ake ciniki da su a baki ba kuɗi ne daban ba, salon ƙirga ne, dala sefa 5 ce. A fom ɗin shigarwa za a yi wannan lissafin, kada su sami layi a teburin kuɗaɗe.)

Su ma waɗannan ba saukakku ba ne. Gana ta sauya GHC zuwa GHS a 2007 da ta yanke sifili huɗu daga sidi, Burkina Faso ta bar HV ta koma BF bayan sauya suna a 1984, har ma an taɓa ɗaukar CS ta tsohuwar Cekoslobakiya aka ba Sabiya da Montenegro a 2003. Sai dai a lura da na Gana: sabon sidi kuɗi ne daban da tsohon, darajarsu ba ɗaya ba, saboda haka sabon layi ne ya dace, tsohon ciniki ya zauna da GHC ɗinsa. Sauyin da ke zuwa sau ɗaya cikin shekaru masu yawa, da sanarwa tun da wuri, ana iya ɗaukar nauyinsa. PostgreSQL, MySQL da SQL Server suna da ON UPDATE CASCADE, wanda ke bin sauyin mabuɗi har cikin teburan da ke nuni gare shi. Oracle ba shi da shi.

Rukuni na biyu su ne 'yan jerin da kai da kanka ka ƙirƙira, waɗanda manhajarka ke yanke hukunci a kansu. Halin ciniki, misali: an biya, bashi, an soke. Ba su BIYA, BASHI, SOKE a matsayin mabuɗi, bayanin da mutane za su gani kuma ya zauna a wani ginshiƙi. Dalilin ya wuce sauƙin karatu. Idan ka bar musu lamba mai hawa da kanta, mai rubuta manhaja zai rubuta "idan hali 2 ne, a aika wa mutumin tunatarwa". A kwamfutarsa ta gwaji 2 bashi ne. A kwamfutar ofis kuwa wani ya riga ya shigar da soke kafin bashi, sai 2 ta zama soke, a wayi gari ana bin mutane kuɗin cinikin da aka fasa. Idan har dole sai lamba, da hannu za ka rubuta ta a fayil ɗin da ke gina teburin, a kashe hawa da kai.

Lambobin hukuma su ne suka fi ruɗi, don suna tsakiya. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana da kundin garuruwa da ƙauyuka, RENALOC, wanda ya biyo bayan ƙidayar 2012. Ƙungiyoyin agaji suna da nasu lambobin wurare na ofishin OCHA, ma'aikatar lafiya da nata. A matakin jiha ISO 3166-2 ya ba Tawa NE-5. Jihohi bakwai an jera su bisa tsarin abacada daga Agadas zuwa Zinder, Yamai kuma ta zo ta 8. Duk waɗannan ka ajiye su, kowanne a ginshiƙinsa, domin da su za ka yi musayar bayanai da wasu. Amma kada ka mayar da su mabuɗin ƙauyuka. Ba kai ke da su ba, yawancinsu suna ɗauke da lambar uwa a cikinsu, kuma sabuwar tunga ko zangon makiyaya da ƙungiyarka ke hulɗa da shi yau zai iya rasa lamba sam sai ƙidaya ta gaba. Mabuɗi ba ya zama fanko.

Abin da ke kanka bayan ka zaɓi madadi

Lambar madadi ba ta hana maimaici, ɓoye shi take yi. Rumbu zai karɓi Tsernawa a lamba 12 da Tsernawa a lamba 87 ba tare da ya ce uffan ba, rabin albasa ya tafi nan rabi can. Saboda haka duk teburin da ka ba madadi, ka nemo abin da ke bambanta layukansa a zahiri ka ɗaure shi da UNIQUE: a ƙananan hukumomi, ƙasa da jiha da mataki da suna, a ƙauyuka, ƙaramar hukuma da suna, idan kuma an sami masu suna ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya sai a ƙara lambar INS ko ma'aunin GPS. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya sa masu adawa da madadi suke da hujja.

UNIQUE ba zai gane cewa Tsernaoua ita ce Tsernawa ba. Maganin wannan wani ɗan tebur ne na laƙabobi: kowane rubutu da ka taɓa cin karo da shi, da lambar wurin da yake nufi. Birni N'Konni 7, Birnin Konni 7, Kwanni 7, Konni 7. Duk fayil ɗin da ya shigo daga waje ta nan zai bi, abin da bai sami gurbi ba a ware shi mutum ya duba da ido. A Illela kuwa, tebur ba zai yanke hukunci ba sai an faɗa masa ƙasar.

Ba a goge layi a teburin dubawa, rufe shi ake yi da kwanan wata. Ba a kuma sake ba wani lambar wanda aka rufe. Masu SQLite, wanda shi ke cikin yawancin manhajojin waya, su kiyaye abu biyu: idan ba a rubuta AUTOINCREMENT ba yana iya sake amfani da lambar layin ƙarshe da aka goge, kuma ba ya tsaron mabuɗan nuni sai an kunna PRAGMA foreign_keys.

Sai batun rashin intanet, wanda duk mai aikin karkara ya sani. Idan wakilinka na Gidan Idar da na Tajaye kowanne yana iya ƙara sabon ƙauye a wayarsa ba tare da sadarwa ba, dukansu za su samar da lamba 301, ranar haɗa bayanai a yi karo. Mafi sauƙi shi ne a hana ƙara layi a teburin dubawa sai daga ofis. Wakili ya zaɓi "wani wuri" ya rubuta sunan, ofis ya tantance ya ba da lamba. Idan hakan ba zai yiwu ba, a yi amfani da UUID, doguwar lamba mai alamomi 36 da kowace waya ke iya ƙagawa ba tare da fargabar karo ba. Tana da nauyi, ba ta karantuwa a baki, amma tana aiki. A fom ɗin KoboToolbox ko ODK kuma, shafin zaɓuɓɓuka yana da gurbin abin da ake ajiyewa da gurbin abin da ake nunawa. A na farko ka sa lambar rumbunka, a na biyu ka sa sunan da Hausa da Faransanci yadda kake so. Da yawa suna rubuta sunan a duka biyun, shekara ta gaba wani ya gyara rubutun, alƙaluman bana su ƙi haɗuwa da na bara. Excel ma yana da tasa: lamba irin 0503 yana cinye sifilinta na gaba idan ba a mayar da ginshiƙin na rubutu ba.

Idan rumbunka ya riga ya tsaya a kan sunaye, kada ka rushe shi. Ka fara ɗaukar kwafi ka ajiye a wani wuri. Ka ƙara ginshiƙin lamba a teburin wurare, ka fitar da jerin duk rubuce-rubucen da ke babban tebur, ka zauna da wanda ya san yankin, magatakarda ko tsohon direba, ku bi su ɗaya bayan ɗaya kuna cika teburin laƙabobi. Daga nan ka ƙara sabon ginshiƙi a babban tebur ka cika shi da lambobin, ka gwada jimillar buhuna da kuɗi kafin da bayan aikin, sai sun yi daidai sannan ka ɗaura mabuɗin nuni. Tsohon ginshiƙin suna kuwa ka bar shi a wurin har kakar albasa guda ta wuce, domin layukan da aka rubuta "Illela" kawai, rasit da ƙwaƙwalwar wanda ya yi cinikin ne kaɗai za su faɗa maka wacce ake nufi.